Takardar da Ta Nuna wa Gatari Hanya

A shekarun da kuɗin mai suka fara kwararowa, ina ƙaramin malamin firamare a Katsina. Sai muka ji za a share dajin bayan Batagarawa a gina gidaje, dajin da muke zuwa tsintar kanya muna yara. Raina ya ɓaci, na zauna na rubuta takardar koke, duk zancen kukan kurciya da sanyin inuwa.

Na kai wa kawuna, tsohon magatakarda, a Ƙofar Kaura. Ya karanta ya miƙo mini.

Ya ce, "Wannan ai zaman makoki ne. Ma'aikaci ba ya jin tausayi, amfani yake ji. Gaya masu abin da kowane icce ke yi."

Na bi maganarsa. Na rubuta cewa da ƙirya ake sassaƙa turmi, maɗaci na ba da katako, gawayin marke ba ya saurin cinyewa. Har inda kowanne yake tsaye na kwatanta, don kada a ce shaci-faɗi nake.

Amsa ta zo da wuri, abin da ba a saba gani ba. Wai suna godiya, ba su san akwai irin wannan arziki a wurin ba. Kafin damina manyan motoci suka shiga, masu sara suna bin kwatancena.

Gidajen ma ba a gina ba. Na tsufa ina koya wa yara yadda ake rubutu mai ratsa zuciya, amma ban taɓa gaya masu cewa da hannuna na jera wa masu gatari itatuwan nan ba.