Humrar Kakata a Kwalbar Goggo

Ajin yamma nake zuwa a Silver Spring, neman takardar sakandaren ƙasar nan, tunda tawa ta Gombe ba wanda ya kalle ta. Wata Talata malamar tarihi ta ce a zamanin da, manoman taba na nan Maryland ba su da ikon sayar wa kowa sai Ingila, kuma a jirgin Ingila. Su noma, Ingila ta sarrafa, ta dawo musu da kaya ta yanka farashi. 'Yan aji suna ta rubutu. Ni dariya ta kama ni. Na san dokar nan, a gidanmu ake aiki da ita.

Goggo, yayar babana, ita ta kawo ni Amurka, a gidanta nake kwana. Tana da shago. Ni ke buga man kaɗanya a kicin, in haɗa shi da humrar da kakata ke aiko min, har ya yi laushi kamar kindirmo. Ɗanyen mai daga wajen Goggo kawai. Wanda na gama, hannunta kawai. Sunanta ne a jikin kwalba.

Wata 'yar Kumasi mai aikin jinya ta tare ni a tashar bas. "Ƙanwata, na san man shagon nan aikinki ne. Yi min kwalba goma, ba sai ta shago ba."

Na yi. Na sayo mai a wani wuri, na buga ranar da Goggo ta tafi Woodbridge, na zuba a kwalabe marasa suna. Ƙamshin humrar ne ban tuna zai tona ni ba. Ba mai irinta a duk yankin nan.

A wani taron suna a Gaithersburg matar ta rusuna ta gaishe da Goggo. Na ga Goggo ta shaƙi iska sau ɗaya. Da muka shiga mota ta juyo gare ni.

"Ke, yaushe kika buɗe kamfani?"

"Goggo, hannuna ne fa."

"Hannunki ne. Kicin ɗin fa? Gadon fa? Jirgin da ya kawo hannun fa?"

Tun ranar humrata tana ɗakinta a kulle. Da cokali take auna min.

Da muka koma aji malama ta tambayi abin da mutanen ƙasar suka yi daga baya. Na karanta, na sani: sun zubar da shayin Ingila a teku. Ban ɗaga hannu ba. Su a ƙasarsu suke tsaye. Na fita tun ba a tashi ba, kwalba arba'in na jirana a kicin.