Ƙato Bayan Ƙato a Kan Takalmin Ƙwallo

Shekarun baya, lokacin da mutum kan tashi daga Gangara ya je Isa kallon wasa ya dawo da yamma hankalinsa kwance, ni ma ɗan ƙwallo ne. Na san waɗanda suka san ni da tumbin nan ba za su yarda ba, amma ni ne ɗan bayan kulob ɗin garinmu, kuma ban taɓa fashin atisaye ba.

Filinmu gona ce. Sai an girbe gero an kwashe kara, sannan mu shiga da fartanya mu tone tushiya, mu baje kunyoyi, mu kafa sanduna a matsayin raga. Duk da haka ba a rasa tsinin kara ɓoye cikin rairayi, kuma kullum ƙafata yake samu. Da takalmin roba nake bugawa, wanda aka yi ta liƙewa da wuta har babu sauran wurin liƙi.

Akwai taubashina, ɗan kawuna, wanda Allah ya yi wa baiwar ƙafa. Ƙwallo in ta zo wurinsa sai ta natsu. Zai yanke mutum, ya tsaya ya jira shi ya tashi, ya sake yanke shi. Sai dai malalaci ne na ƙarshe. Muna tonon tushiya, shi yana gindin aduwa yana ɓare gyaɗa, yana nuna mana inda muka tsallake. In na yi masa magana sai ya ce ai an raba aiki ne tun daga sama, ni aka ba huhu, shi aka ba ƙafa.

A kakar wata shekara, wani Alhaji mai shago a garinmu, mai zuwa Maraɗi sarin kaya, ya dawo da takalmin ƙwallo na gaske, baƙi mai farin zane, da ƙusoshi a ƙasa. Ya rataye shi a ƙofar shago, ya ce na gwarzon ɗan wasan gasar kaka ne. Wallahi na ƙwallafa rai a kan takalmin nan. Kullum sai na ƙirƙiro sayen ashana don in je in gan shi. Wata rana da Alhaji ya shiga salla na zura ƙafa ɗaya, ya zauna mini daram kamar an auna.

Muka kai wasan ƙarshe, mu da 'yan Kamarawa. Ranar na yi gudun da ban taɓa yi ba. Na tare ƙwallo da ƙirji, na tare da kai, sau ɗaya ma da hanci na tare ta, ba da niyya ba. Taubashina kuwa yana can gaba, hannu a ƙugu, yana yawo kamar mai duba gonar da zai saya. Ana dab da tashi na ƙwace ƙwallo a ƙafar ɗan gabansu, na ruga da ita har tsakiyar fili, tsinin kara ya huda robar ya shige mini tafin ƙafa, na daure na miƙa masa. Ya yanke na farko, ya yanke na biyu, ya zaunar da gola a ƙasa, sannan ya juya baya ya tura ta raga da dunduniya.

Fili ya ruɗe. Har 'yan Kamarawa sai da suka tafa. Jama'a suka kwararo suka ɗaga shi sama, wani ma a guje ya taka mini ƙafar da ke jini bai ko waiwayo ba.

Da aka natsa, Alhaji ya ce shi ba zai yi alƙalanci ba, kada a ce ya yi son kai. 'Yan kallo ne za su zaɓa, kuma ƙato bayan ƙato za a yi, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so. Aka fito da taubashina. Kocinmu ya turo ni, ina jin don kada a ce ba a yi takara ba. Muka tsaya muna fuskantar Alhaji, takalmin na rataye a wuyansa.

Ina jin ƙarar ƙafafu da hayaniya duk suna yin gefe guda. Na daɗe ban waiwaya ba. Da na waiga, layin taubashina ya miƙe har ya wuce raga ya lanƙwasa. A bayana kuwa mutum ɗaya ne tak: kawuna, mahaifin taubashin nawa, ya dogara sandarsa. Na ji daɗi har idona ya kawo ruwa, na ce masa na gode, Kawu.

Ya ce, "Kak ka gode min, ɗana. Ni ban san ƙwallo ba. Wancan ɗan nawa dai da bai taɓa kai kunya guda ƙarshe a gona ba, ba ni tsayawa bayanai."

Na yi dariya, amma raina ya ɓaci sosai. Ba rashin takalmin kaɗai ba. Mutanen nan da idonsu suka ga abin da na yi tun daga tonon fili, kuma ko ɗaya bai ga ya dace ya tsaya mini ba.

Alhaji ya fara ciro takalmin daga wuya ke nan, sai taubashina ya bar gaban layinsa. Ya tako a hankali, irin tafiyarsa ta marasa gaggawa, ya zo ya tsaya a bayan mahaifinsa. Alhaji ya tambaye shi me yake yi haka.

Ya ce, "Alhaji, ni ma ɗan kallo ni ke, tun da anka hwara wasa kallo ni kai. In wanga jakin bai kawo min ƙwallo ba, mi za ni yankewa? Iska?"

Layinsa ya tsaya cirko-cirko, babu kowa a gaba. Sai na farkon ya bi shi, na biyu ya biyo, kafin ka ce me duk sun kwashe sun dawo bayana, suna ihu suna kiran sunansa. Sunansa fa, ba nawa ba. Haka Alhaji ya rataya mini takalmi a wuya, jama'a na yi wa wani kirari. Kawu ya duba baya ya ga ɗansa, ya yi tsaki ya fice daga layin.

Na buga kaka da yawa da takalmin nan, kuma tsinin kara bai ƙara samuna ba. Har yau in muka haɗu sai taubashina ya ce in biya shi kuɗin hayar ƙusoshinsa.

In ana gardama a gidan kallo kan wa 'yan kallo suka fi so, mai wahala ko mai baiwa, ni ba na ɗaga murya, don na taɓa waiwayawa na gani. Da baki kowa yana yabon mai wahala, amma in aka ce a tashi a tsaya, ƙafafu wurin mai yanka suke zuwa. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, yanzu taubashina ne ke kare 'yan baya a gardama, yana cewa su ne ƙwallo. Ni kuwa, da na sha wahalar, da zarar wani yaro ya yanke mutum biyu a talabijin, ni ne farkon wanda ke miƙewa daga benci.