Ummusalma Ta Tafi Katsina Koyon Aiki

Duk wanda ya taɓa kwantar da mara lafiya a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke bakin titin Kankiya ya san Ummusalma. 'Yar Mawashi ce, gajera, mai saurin tafiya da saurin fushi. Ba nas ba ce, mai taimaka wa nas-nas ce. Ita ke juya marasa lafiya, ta goge musu jiki, ta zubar da fo, ta canza zanen gado. Ta haura shekara goma tana wannan aiki, amma ko awon hawan jini ba a taɓa yarda ta yi wa wani ba. Mijinta Dikko direban bas ne. Mahaifiyarta kuwa tana kwance a Mawashi, ɓarin jikinta ya shanye. Kullum da yamma Ummusalma ke hawa acaɓa ta je ta gyara ta, alhali yayyenta maza biyu da matansu suna cikin gidan.

Sai dama biyu suka zo mata kusan lokaci guda. Asibitin da take aiki ya ce zai koya wa masu taimakon nas ɗibar jini, da awon suga, da lura da numfashin majinyaci, a nan Kankiya, kyauta. Wani babban asibiti a Katsina shi ma ya buɗe irin wannan horo, na shekara guda, da jarrabawa da wurin kwana.

Na gida ta fara dubawa, don ya fi sauƙi. Ta sami manajan asibitin, Malam Lawal, a ofis.

"Malam, takardar da za ku ba mu, in na kai ta wani asibiti za su amsa?"

Ya yi murmushi. "Ina za ki, Ummusalma, da shekarunki?"

"Tambaya na yi."

"Takardarmu ce, nan take aiki. Za ki zauna da mu shekara biyar. Aikinki na da yana nan, wannan ƙari ne. Ai gata muke yi maku."

"Wato in ɗebi jini, in aje, in ruga in ɗauki fo, kuma ba ni da damar motsawa?"

"Ki dai yi tunani."

Ta fito a fusace. Ranar ko gaisuwa ba ta amsa da kyau ba.

Na Katsina ma ba sauƙi gare shi ba. Da Turanci ake karatun, ita kuwa ta daɗe da barin aji. Za ta zauna aji da 'yan matan da ta isa ta haifa. Bayan ta gama sai ta yi musu aiki shekara biyu. Amma takardarsu ana karɓarta a wasu wurare, wannan ta tambaya ta tabbatar. Dikko ya ce shi ba shi da ta cewa, ai kusan kullum yana Katsina. Abin da ya rage shi ne Inna.

Ta tara yayyenta a tsakar gida. Babban, Nasiruddeen, bai bari ta kai aya ba.

"Ke ce kika san aikin asibiti. Mu noma muka iya."

"Yaya, juya mutum da goge mashi jiki ba aikin asibiti ba ne, aikin ɗiya ne. Ni kaɗai ta haifa?"

"Ki iya bakinki."

"Na iya shi shekara da shekaru, mi ya ƙara mani?"

Ƙaramin, Salman, ya sunkuyar da kai. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne Inna da kanta, da ta ji labarin, sai ta juya fuska bango, ta ƙi kallonta. Ummusalma ta yi kuka a hanya, amma ba ta fasa ba. Kafin ta tafi Katsina ta koya wa matan yayyenta, Hadijatu da Zahra, yadda ake juya tsohuwar da inda ake sa matashi.

Da farko abin ya tafi daidai. Da kaka ta yi, kowa ya koma kan roron wake, ita ma jarrabawa ta hana ta zuwa gida na ɗan lokaci. Ranar da ta zo, tun daga bakin ɗaki ta ji warin. Ta yaye zanen ta tarar da gyambo a ƙugun Inna, ya yi rami.

Nasiruddeen yana zaure da baƙi. Ba ta jira sun tashi ba.

"Tashi ka zo ka ga uwarka! Wake ya fi ta, ko? Ku ma ku zo ku gani, ku shaida!"

Baƙin suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Nasiruddeen ya ce ta tozarta shi, ta ce ba ta ma fara ba. Salman ne ya shiga ɗakin, ya fito yana share ido. Daga ranar shi ke ɗaga Inna da hannunsa, matarsa Zahra na wanke ciwon yadda aka nuna mata. Gyambon ya daɗe kafin ya rufe.

Ummusalma ta faɗi jarrabawar farko saboda Turanci, ta sake zama ta ci. Yanzu tana Katsina, tana ɗibar jini a ɗakin mata, duk ƙarshen mako tana Mawashi. Inna ta koma yi mata magana.

Da Sallah dattijan gidan suka zaunar da ita da Nasiruddeen don a sasanta. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata. Da aka ce ta furta ta yafe, sai ta ce ba za ta yi ƙarya gaban manya ba, a ba ta lokaci.