Ɗalibin da Bai Dawo Ba

Har yau ban manta da Talatar da shugaban tsangaya ya kira ni ofishinsa, ya juyo mini da kwamfutarsa ya ce in karanta ba. A lokacin ni ne jami'in hulɗa da jami'o'in waje a tsangayar injiniya, a nan Katsina. Ga waɗanda ba su san aikin ba, idan an ƙulla yarjejeniya da wata jami'a ta ƙetare, ni ke riƙe fayil ɗin, ni ke tattara takardun ɗalibai, ni kuma ke sa hannu a wasiƙar da ake kai wa ofishin jakadanci, mai cewa yaron nan namu ne kuma zai dawo.

Muna da irin wannan yarjejeniya da wata jami'a a Turai. Bincike muke yi tare kan firij mai aiki da hasken rana, wanda zai riƙe nonon makiyaya kada ya lalace kafin a kawo shi gari. Mu ke gwaji a rugage, su ke da manyan na'urori. Duk shekara sukan ɗauki ɗalibanmu biyu 'yan aji huɗu su yi horon aiki na wata shida a can. Sharaɗinsu ɗaya ne: wanda ya je, ya dawo ya ƙarasa karatunsa.

A shekarar akwai Mannir, ɗan wani mai gyaran keken ɗinki a unguwar Gobarau. Ban ga ɗalibi mai hannu irin nasa ba. A kwamitin zaɓe an so a ba wani, na tsaya kai da fata sai shi. Suka tafi su biyu, ɗaya ya dawo.

Wasiƙar da na karanta ranar daga jami'ar can take, kuma gajera ce. Mannir ya bar makullin ɗakinsa a kan tebur ana saura kwana biyu jirginsu ya tashi, ba a sake ganinsa ba. Sun sanar da hukuma, kuma sun dakatar da ɗaukar ɗalibanmu.

"Malam Sada, kai ka sa masa hannu," in ji shugaban tsangaya.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To kai za ka gaya wa su Bilkisu."

Bilkisu da Lawal su ne aka zaɓa su tafi a zango na gaba. Fasfo ɗinsu na cikin durowata. Bilkisu ta yi wata biyar tana hawa motar haya zuwa ruga duk Asabar, tana auna sanyin firij tana rubutawa. Na kira su na zaunar da su, na faɗa musu ba kwana-kwana. Lawal ya sunkuyar da kai.

"Malam, to awon da nake yi, in daina?" in ji Bilkisu.

Na ce a'a, binciken yana nan, horon ne kawai aka tsayar.

"Ke nan sakamakon zai ci gaba da tafiya can. Mu ne ba za mu je ba."

Na miƙa musu fasfo ɗinsu. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, suka fita. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Bayan la'asar na tafi Gobarau wurin mahaifin Mannir. Na same shi a ƙofar shago da kan keke a cinyarsa. Muka gaisa, na tambayi iyali da aiki, sai ya riga ni magana.

"Na san abin da ya kawo ka, Malam. Ya kira ni shekaranjiya. Na ce mashi ya dawo, mutane sun yarda da shi. Ya ce in ya dawo mi zai yi?" Sannan ya ce, "Ka yafe mamu."

Bayan kamar wata biyu Mannir ya kira ni da wata baƙuwar lamba. Ya ce wanke-wanke yake yi a wani gidan abinci. Na fara yi masa faɗa, ya bari na gama, sannan ya ce, "Malam, waɗanda suka riga ni zuwa suka dawo, ina suke? Ɗaya cajin waya yake yi a bakin tasha." Na san yaron da yake nufi. Na kuma san injin walda na ɗakin aikinmu ya shekara a lalace. Sai na ce ya tuna da su Bilkisu. Ya ce yana tunawa, sai layin ya yanke.

Sau uku ina rubuta wa jami'ar can ina roƙo. Sun amsa cikin ladabi, amma har na bar kujerar ba su sake ɗaukar ɗalibinmu ba. Lawal ya shiga kasuwancin yayansa. Bilkisu tana koyar da lissafi a wata sakandare ta 'yan mata. Mannir kuwa, da mahaifinsa ya rasu bai zo jana'iza ba, don ba shi da takardar da zai fita ya koma. Ni na tsaya a sahu, shi yana kuka a waya.

Ku da kuke kan kujerar da na bari yanzu, ku sani cewa hannun da kuke sawa ba na ɗalibi ɗaya ba ne, har da na waɗanda ke bayansa da ba su ma shigo jami'a ba. Ni na tambayi Mannir ko zai dawo, ya ce zai dawo, na yarda. Ban taɓa zaunar da shi mun yi maganar abin da zai tarar idan ya dawo ba, don ni kaina ban so in ji amsar.