Birkin Maharazu

Ƙanena Maharazu bai taɓa yarda da bakanike ba. A ganinsa duk wanda ya shiga ƙarƙashin motarka, da ƙarfenka mai kyau zai fito, ya bar maka ruɓaɓɓe. Fataucin awaki yake yi tsakanin Daura da Mashi a wata tsohuwar Fijo, kuma shi ke gyara abarsa a ƙofar gida. Mutum ɗaya yake bari ya tsaya masa a kai, maƙwabcinsa Kalilu tela. Tun suna samari tare suke cin tuwon dare a zauren Kalilu.

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci, birkin gaba ya soma ƙara. Maharazu ya je Katsina ya sayo sababbin takalman birki, wato 'yan ƙarafan nan masu cije faifan taya idan an taka. Ya ɓoye su sai ranar da ya samu sarari, ya ɗaga motar da jak, ya kwance taya, ya ɗaura. Kalilu na miƙa masa sifana. Da aka kira la'asar Maharazu ya shiga gida alwala, ya bar shi da motar.

Washegari a hanyar Mashi jaki ya gitta masa. Ya taka birki, mota ta ƙi tsayawa, sai da ta faɗa gonar gero. Bai ji ciwo ba. Da ya dawo, gidana ya fara zuwa.

"Yaya, an taɓa mini mota."

"Wa?"

"Wa na bari da ita?"

Na ce, "Tela? Me ya sani a birki? Ka sake kwancewa ka duba aikinka."

Ya duba. Man birki bai ragu ba, ƙusoshi a ɗaure, takalman ba a juye suke ba. Ya ga faifan yana ƙyalli da maiƙo, sai zarginsa ya ƙara ƙarfi. Ya tuna Kalilu na da 'yar kwalbar man keken ɗinki. Ya tuna wata rana telan ya ce masa, "Wannan akwalar taka ita za ta kashe ka." Wasa ne, amma ya ajiye maganar.

Lokacin kowa bakinsa alƙali da rantsuwa. Na ce masa, "Maharazu, ran da ka sa mutumin nan ya dafa Alƙur'ani, ka rasa shi. Ko da gaskiyarka."

"Idan bai yi ba, me zai ji tsoro?"

Ba su kai ga alƙali ba. A gaban mai unguwa Kalilu ya ce, "Malam Maharazu, ni kake zargi da neman ranka?" Ya tashi da kansa ya yi alwala, ya dafa, ya rantse. Bai jira an sallame su ba ya sa takalminsa.

Maharazu ya goge faifan da fetur ya koma hanya. Ni ya ɗauka zuwa Baure gaisuwar mutuwa, yana tafiya a hankali, yana ta taka birki. Muna tsayawa na ji ƙamshi daga tayar gaba. Na sunkuya.

"Kai, wa ke suyar ƙuli-ƙuli a motarka?"

Ya sunkuyo shi ma ya shinshina.

"Ina ka ajiye takalman nan kafin ka ɗaura?"

Da ƙyar ya faɗa. Tsoron kada a musanya masa su ya sa ya cire su daga kwalinsu, ya cusa a ƙasan kwandon tunkuzar matarsa Murja, mai sana'ar man gyaɗa. Can suka kwanta suna shan mai, da sun yi zafi sai su tsatso shi.

Na ce ya je ya ba Kalilu haƙuri. Ya je, amma abin da ya ce shi ne, "To ai kai ma da ba ka yi waccan maganar ba." Kalilu ya ce ya yafe don Allah.

Kalilu na amsa sallamarsa har yau, don addini ya ce a amsa. Tuwo kuwa, kowa a gidansa. Da Kalilu ya aurar da autarsa, a bakin mutanen unguwa Maharazu ya ji.