Kwalabe Bakwai a Kan Kanta

Shekara ashirin da biyu Kafinta yana shan giya a kan yunwa. Shayi da safe, kwalba da yamma, abincinsa ke nan. Matarsa ta gaji ta kama gabanta. 'Yarsu tilo, wadda yake kira Uwata, ta yi aure ba ta ko gayyace shi ba. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi da zarto a hannu, maƙwabta suka kwashe shi sai asibitin masu barin shaye-shaye.

A can ya haɗu da malamar abinci, wata 'yar gajeriya mai faɗan tsiya.

"Baba, yunwa ce ke kai ka mashaya," in ji ta. "Ƙarfe nawa kake tashi daga aiki?"

"Biyar."

"To huɗu da rabi ta same ka da cokali a hannu. Wake, ƙwai, ganye, ɗan lemo. Ka auna na kowace rana ka ajiye, kada ƙiwa ta sa ka tsallake. Kuma ka samu wanda za ku riƙa ci tare."

Na ƙarshen nan ne ya gagara. Da wa? Abokansa duka na teburi ɗaya ne, teburin kuma ba na abinci ba ne.

Awo kuwa ai sana'arsa ce. Ba shi da roba, ba shi da gwangwani, amma kwalabe, kai, Allah ya yi yawa da su a ƙarƙashin gado! Ya zaɓi koraye bakwai, ya wanke su tas, ya ɗura wa kowacce waken kwana ɗaya, ya ƙera musu kanta mai kyau daidai saitin ƙofa. Kullum huɗu da rabi wayarsa ta yi ƙarar tuni, ya zauna ya ci shi kaɗai yana kallon bango.

Wata uku, hannu ya daina rawa, wando ya daina zamewa. Ya aika wa 'yarsa saƙo, ta amsa: "Zan zo Asabar. Sau ɗaya ne, Baba. In na ga abin da na saba gani, kada ka ƙara nemana."

Ranar har sabon faranti ya saya, ya dafa wake na mutum biyu. Huɗu da kwata ta yi sallama, ta ɗaga labule. Idonta ya tsallake shi ya sauka a kan kantar kwalaben.

"Har kanta ka yi musu, Baba?"

"Uwata, wallahi wake ne."

"Da can ma magani kake cewa."

Ta saki labulen. Bawan Allah ya rasa abin yi, sai ya fizgo kwalba ɗaya ya bi ta da gudu yana girgizawa, don ta ji ƙarar waken. Ina! Ta riga ta shiga mota. Ta waiwayo sau ɗaya ta taga, sai a lokacin ya gane abin da take gani: ubanta a tsakiyar titi, ba takalmi, yana ɗaga kwalba yana ihu, yadda ta san shi tun tana ƙarama.

Motar ta sha kwana. Mashaya na nan, ƙofa uku daga inda yake tsaye, yana jin dariyar mutanensa. Bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan yammacin ba.

Wayar ta yi ƙara a aljihunsa, huɗu da rabi ta yi.

Ya juya wa mashayar baya. Sannan ya koma ɗaki, ya mayar da kwalbar wurinta, ya zauna ya cinye nasa yana kuka. Nata kuwa ya rufe shi, ko za ta dawo.