Gidaɗo da Takunkumin Kili

Shekara goma sha tara ina riƙe da ragamar Kili, dokin Alhaji Abdulrahman mai kifi a Yelwa. Ni na hore shi, ni nake wanke shi a bakin ruwa. Sai ga Gidaɗo.

Bafulatani ne daga wajen Ngaski. Ɓarayi suka kwashe masa shanu, ya shigo gari da sanda da buta, Alhaji ya ɗauke shi kiwon tumaki. Dogo ne siriri, yakan wuni bai ce kalma goma ba. Ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba.

A lokacin Kili ya tsufa, kuma ciwo ya kama shi. Gashinsa ya yi tsawo ya murɗe, ko da bazara ba ya zuba. Yana shan ruwa bokiti-bokiti, gadon baya ya rame, ciki ya sauko. Likitan dabbobi ya ce sunan ciwon Kushin, ba ya warkewa, kuma ɗanyar ciyawa mai zaƙi illarta a kofato take sauka masa. Na yi dariya. Duk wanda ya tashi a bakin tafkin nan ya san in ruwa ya ja baya ciyawar burgu ta tsiro, can ake kai dabbar da ta rame.

Gidaɗo yana tsugune a gefe, sai ya ce, "Alhaji, a bar mini shi wata guda."

Na ce, "Kai da saniya kaɗai ka sani? Wannan ba a tatsarsa fa."

Alhaji ya ce, "Umaru, ba shi ragamar."

Abin da ya yi ba wani abin mamaki ba ne, shi ya fi ba ni haushi. Ya saƙa takunkumi da kaba, ya bar ƙofa kamar bakin kwalba don dokin ya riƙa tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. Bayan sallar asuba yakan kai shi tudu inda ciyawa ta ƙosa, kafin rana ta ɗaga sun dawo. Busasshiya kuwa sai ya jiƙa ta, ya zubar da ruwan, sannan ya ba shi. Ya hana shi gero. Ya aske shi da almakashi, ya zuba yashi a barga. Kullum yana dafa kofato huɗu da tafin hannu ya ji ko sun yi zafi.

Kili ya miƙe. Alhaji ya riƙa nuna wa baƙi Gidaɗo, ni ina tsaye da shebur.

Matata Uwani ta ce, "Baban Hamdiyya, ka ci tuwonka. Doki ne fa, ba budurwa ba."

Da Gidaɗo ya tafi Shanga ta'aziyya, aka bar mini Kili kwana uku. Na ce bari Alhaji ya ga bambanci. Na cire takunkumin, na kai shi tsakiyar burgu, ya ci ya ƙoshi kwana biyu cur. A na uku na tarar da shi ya miƙar da ƙafafun gaba, ya jingina nauyinsa baya, ya ƙi taku ko ɗaya. Kofatan kamar an ciro su daga murhu.

Gidaɗo ya dawo da hantsi. Ya dafa kofato, ya dubi kashin dokin.

"Umaru, burgu ya ci?"

"Ya ci."

Gidaɗo ya miƙe. Ya tafi rumfar kifi ya roƙo ƙanƙara, muka tsoma ƙafafun a bahon ruwa, muna canzawa har la'asar. Alhaji ya iso ya tambayi abin da ya faru. Gidaɗo ya sunkuyar da kai yana fasa ƙanƙara. Na jira ya faɗa, ya ƙi. Sai na ce, "Ni ne, Alhaji."

Bai kore ni ba. Ya mai da ni rumfar kifi ɗaukar kwanduna, ya ce kada in sake taka barga.

Kili ya rayu, yana ɗingishi kaɗan, ba a hawansa. Gidaɗo na nan tare da shi. In mun haɗu a masallaci shi yake fara gaishe ni, yana kirana Yaya, har ya faɗa mini yadda dokin ya kwana. Bai taɓa tada zancen burgu ba. Nakan amsa gaisuwar, in wuce. Ya fi ni iya aikin, na gani da idona, kuma har yau ban yafe masa ba.